Wa Ya Fi Wa? Matsalar Jera Ƙungiyoyin Ƙwallon Makarantun Sakandare na Amurka a Zagayen Sili-Ɗaya-Ƙwale

Tsakure

Wannan takarda ta dubi hanyoyin da ake bi a Amurka wajen jera ƙungiyoyin ƙwallon ƙafar Amurka na makarantun sakandare bisa ƙarfinsu, musamman idan kakar wasa ta kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale. An ɗauki misalai daga jihohin Ohio, Teksas, Indiana da Kalifoniya. Ra'ayin da takardar ta tsaya a kai shi ne, wasanni goma ba su isa su nuna wanda ya fi wani ba. Saboda haka tsarin jeri ba a auna kyansa da iya hasashensa kawai, sai an duba irin halin da yake cusa wa kociyoyi da shugabannin makarantu.

Gabatarwa



Wasan da zan yi magana a kai shi ne wanda ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, 'yan wasa na sanye da hular kwano, ana ɗaukar ƙwallon a hannu ana ture-ture. Yara kimanin miliyan ɗaya ne suke buga shi a makarantun sakandare na Amurka. Ana fara kaka a ƙarshen watan Agusta, kowace ƙungiya ta buga wasanni tara ko goma, galibi a daren Juma'a. Daga Nuwamba sai a shiga zagayen da duk wanda aka doke ya koma gida, a kammala a Disamba.

Babu gasar ƙasa baki ɗaya. Akwai dai wata tarayya ta ƙungiyoyin jihohi, NFHS, wadda aka kafa a 1920, mai hedikwata a Indianapolis, amma aikinta rubuta dokokin wasa ne, ba naɗa zakara ba. Kowace jiha da nata tsarin. Wannan ya sa mai nazari ya samu gwaje-gwaje kusan hamsin a kan tambaya guda: a cikin ɗaruruwan makarantun da yawancinsu ba su taɓa haɗuwa a fili ba, wa za a ɗora a sama, wa zai karɓi baƙo a gidansa, wa za a bari a waje?

Tambayar ba ta wasa ba ce ga mutanen da abin ya shafa. Garin Allen na Teksas ya buɗe filin wasa na makarantarsa a 2012, mai ɗaukar mutum 18,000, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 60. Wasan ƙarshe na 2013 tsakanin Allen da Pearland ya tara 'yan kallo sama da 54,000. Inda ake zuba irin wannan dukiya, lambar da aka manna wa ƙungiya tana da nauyi.

Ƙarancin hujja

Masu karatu a nan sun saba da jerin ƙasashe na FIFA, wanda Najeriya ta taɓa kai wa matsayi na biyar a cikinsa a watan Afrilun 1994. Tun 2018 jerin FIFA ya dogara ne a kan lissafin Arpad Elo, masanin kimiyyar da ya ƙirƙiro shi don 'yan wasan dara na Turawa, wanda hukumar darar ta duniya ta karɓa a 1970. Lissafin Elo yana ba kowa maki, ya yi hasashen sakamako, sannan bayan wasa ya ƙara ko ya rage gwargwadon yadda sakamakon ya saɓa wa hasashe. Yana aiki ne saboda ɗan dara yana buga ɗaruruwan wasanni, kuma shi ɗin dai ne bara, shi ne bana.

Ƙungiyar sakandare ba haka take ba. Kowace shekara 'yan ajin ƙarshe suna tafiya, kuma su ne suka fi girma da ƙarfi. Sunan makaranta ne kawai yake dawowa. Yaro ɗan shekara goma sha shida na watan Agusta ba shi ne na watan Nuwamba ba. Idan mai jefa ƙwallo, wanda shi ne jagoran masu kai hari, ya karye a mako na uku ya dawo a mako na tara, to kusan ƙungiyoyi biyu ne suka buga kakar da riga iri ɗaya. Sannan yawancin wasanni goman nan da maƙwabta ake yin su. Makarantun arewacin jiha da na kudancinta, watakila wasanni ƙalilan ne suka haɗa su a duk kakar, kuma a kan waɗannan 'yan wasannin ne duk kwatancin zai rataya.

Zagayen sili-ɗaya-ƙwale ma ba ya warware matsalar kamar yadda ake zato. Lissafi ne mai sauƙi. A babban rukunin Teksas sai ƙungiya ta ci wasanni shida a jere kafin ta ɗauki kofi. Mu ɗauka akwai ƙungiyar da ta fi kowa, har damarta ta cin kowane wasa ta kai kashi 80 cikin 100. Damarta ta cinye shidan duka kusan kashi 26 ce kawai cikin 100. In damar kowane wasa kashi 70 ce, to ta faɗo zuwa kusan kashi 12. Wato a yawancin shekaru, wanda ya fi kowa ƙarfi ba shi zai ɗaga kofi ba, kuma ba sai an yi maguɗi ba.

Ohio: sai ka ci ka samu

Ohio ta fara zagayen fitar da zakara a 1972 da ƙungiyoyi 12 kacal a duk jihar, kuma tun daga lokacin take amfani da lissafin da ake kira da sunan wanda ya tsara shi, Jack Harbin. Tun 2013 makarantun jihar suna cikin rukuni bakwai bisa yawan ɗalibai maza. A 2021 yawan masu shiga zagayen ya kai 448, wato 16 daga kowane yanki cikin yankuna 28.

Lissafin hawa biyu ne. A hawa na farko, idan ka doke wata makaranta kana samun maki gwargwadon rukuninta: 6.5 ga rukuni na ɗaya, yana raguwa da rabin maki a kowane rukuni har zuwa 3.5 ga na bakwai. A hawa na biyu, duk wasan da waɗanda ka doke suka ci, kai ma ana rubuta maka rabo. Sai a raba kowane hawa da yawan wasannin da suka shafe shi, a haɗa. Shi ke nan. Babu ruwan lissafin da tazarar maki. Cin wasa da maki ɗaya da cin sa da maki hamsin duk ɗaya ne. Wanda aka doke kuwa ba shi da komai, ko da zakaran bara ne ya doke shi da ƙyar a daƙiƙar ƙarshe.

Kyan wannan tsari a fili yake. Duk uban da ke da biro da takarda zai iya lissafa matsayin makarantar ɗansa. A daren Juma'ar ƙarshe mutanen wani ƙauye sukan zauna suna jiran sakamakon wasan wasu makarantu biyu da ke nesa da su, domin sun doke ɗaya daga cikinsu a watan Satumba, nasararta kuma maki ce a gare su. Kuma babu koci da zai ci riba don ya bar manyan 'yan wasansa a fili suna ƙara wa raunana azaba.

Amma tsarin yana koya wa koci wata dabara. Abokin karawar da ya fi riba shi ne wanda za ka iya dokewa, shi kuma ya je ya doke wasu da yawa, misali makaranta mai matsakaicin ƙarfi da ke sarauta a gasar yankinta mai rauni. Wanda ya fi kowa hasara shi ne gagararre, don in ya doke ka makon ya tafi a banza. Sakamakon haka manyan makarantun Katolika na Cleveland da Cincinnati, irin su St. Edward, St. Ignatius, Moeller, Elder da St. Xavier, sukan sha wuyar samun masu yarda su kara da su, sai su riƙa karawa da junansu da kuma zakarun wasu jihohi.

A nan ne kakar 2016 ta zama abin nazari. St. Xavier ta kammala wasanninta goma da nasara biyar, rashin nasara biyar. A takarda ƙungiya ce ta tsaka-tsaki. Ta shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale ta ci biyar a jere, ta doke St. Ignatius 27 da 20 a wasan ƙarshe bayan ƙarin lokaci sau biyu, ta zama zakaran rukuni na ɗaya. Mai son labarin ban mamaki zai ce ƙungiyar ta farka ne daga barci. Ni ina ganin bayanin ya fi haka sauƙi: rashin nasara biyar ɗin nan a hannun manya aka same su, lissafin Harbin kuma bai da idon da zai ga bambancin faɗuwa a gaban gwani da faɗuwa a gaban rago. Duk da haka ba zan ce tsarin ya gaza ba. Ba a gina shi don ya faɗi wanda zai ci gobe ba. An gina shi ne don ya faɗi wanda ya tara abin da zai nuna, kuma ya bar St. Xavier ta shiga.

Teksas da Indiana: waɗanda suka ƙi jeri

Hukumar wasannin makarantun Teksas, UIL, wadda take ƙarƙashin Jami'ar Teksas da ke Austin, ba ta dogara da kwamfuta wajen zaɓar masu shiga zagaye. Ana raba makarantu gunduma-gunduma, a manyan rukunoni huɗun farko na kowace gunduma su wuce. A babban rukunin, wato 6A, biyun da suka fi yawan ɗalibai a cikin huɗun su shiga sashe na ɗaya, sauran biyun sashe na biyu. Wannan yana haifar da abin mamaki: hanyar da ƙungiya za ta bi zuwa kofi tana iya canzawa saboda wata makaranta dabam ta zo ta huɗu ko ta biyar. Mujallar Dave Campbell's Texas Football, wadda ta fara fitowa a 1960, tana fitar da jerin gwanaye kowane mako, jama'a na musu a kai, amma jerin ba ya matsar da kowa ko taku ɗaya a jadawalin gasa.

Gudun lissafi ma yana da nasa kuɗin. A 1988, lokacin ƙungiyoyi biyu ne kawai suke wucewa daga gunduma, Odessa Permian da Midland Lee da Midland High suka kammala da rashin nasara ɗai-ɗai a wasannin gundumarsu. Lee ta doke Permian 22 da 21, Permian ta doke Midland High, Midland High kuma ta doke Lee. Babu hanyar jera ukun nan a layi ba tare da an ɗora wanda aka doke a kan wanda ya doke shi ba. Sai kociyoyin uku suka haɗu cikin dare a wani wurin hutawar direbobin manyan motoci, kowa ya jefa kwabo sama, wanda nasa ya bambanta ya fita. Midland High ce ta fita. H. G. Bissinger ya kawo labarin a littafinsa Friday Night Lights na 1990. Permian ta je har wasan kusa da na ƙarshe, Dallas Carter ta cire ta 14 da 9, daga baya kuma aka ƙwace kofin da Carter ta ci saboda taƙaddama a kan cancantar wani ɗan wasanta. Wa ya fi kowa a Teksas a 1988? Har yau amsar ta danganta da garin da aka yi tambayar.

Indiana ta fi kowa wanke hannunta. Ta daɗe tana barin kowace makaranta ta shiga zagayen, a haɗa abokan karawa na cikin yanki ta hanyar ƙuri'a. Ƙungiyoyi biyu mafiya ƙarfi suna iya haɗuwa a daren farko. Masu suka suna cewa an mayar da wasannin kaka atisaye. Gaskiyarsu. Sai dai kocin Indiana ba shi da dalilin gudun abokin karawa mai ƙarfi a watan Satumba.

Kalifoniya da rigimar tazarar maki

Duk wanda ya taɓa gina lissafin hasashe ya san cewa tazarar maki ta fi ci ko faɗuwa ɗaukar bayani. Wasa goma amsa goma ce kawai ta e ko a'a, amma in an haɗa da tazara kowane wasa yana faɗin yadda ratar take. Shi ya sa tsare-tsaren kwamfuta irin na CalPreps da na MaxPreps suke la'akari da ita. Shi ya sa kuma hukumomi suke tsoron ta. A matakin jami'a, masu tsarin jera ƙungiyoyi na BCS sun umarci masu lissafinsu su cire tazarar maki a 2002, domin kada manyan ƙungiyoyi su riƙa dukan kawo-wuƙa don neman matsayi. Idan an ji wannan tsoro a kan samarin jami'a, ina ga yara 'yan sakandare, inda jihohi da yawa suke da dokar barin agogo ya ci gaba da tafiya in rata ta yi yawa, don a gama da wuri a tsare lafiyar yara da mutuncinsu?

Wasu jihohi sun ari lissafin RPI, wanda hukumar wasannin jami'o'i ta fara amfani da shi a ƙwallon kwando a 1981: kashi 25 daga nasarorinka, kashi 50 daga nasarorin abokan karawarka, kashi 25 daga na abokan karawarsu. Ba shi da tazara, amma yana da wani aibi da ya fi na tazara muni a ganina. Kashi uku cikin huɗu na makinka ba a hannunka yake ba. Kana iya doke ƙungiya mai rauni matsayinka ya faɗi, kana iya shan kashi a hannun babba matsayinka ya hau. Makarantar karkara da ba ta da maƙwabta masu ƙarfi, kuma ba ta da kuɗin motar tafiyar awa huɗu, an hukunta ta tun ba a busa usur ba. Ita kanta hukumar da ta ƙirƙiro shi ta ajiye shi a ƙwallon kwando na maza a 2018.

Sashen kudancin Kalifoniya na CIF, hukumar wasannin makarantun jihar, ya bi wata hanya dabam. Tun kakar 2021 ba a sanin rukunin da ƙungiya za ta buga zagaye a ciki sai an gama wasannin kaka. Sai a ɗauko jerin kwamfuta na bana, a yanka shi gunduwa-gunduwa, na sama su zama rukuni na ɗaya, masu bi musu na biyu, har ƙasa. Manufar mai kyau ce: a daina haɗa giwaye da 'yan maruƙa a zagayen farko, kowa ya kara da tsaransa. Wasanni sun fi armashi, makarantun da ba su taɓa jin ƙanshin kofi ba sun samu rabo.

To amma a duba abin da yake faruwa a bakin iyaka. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a rukuni na ɗaya za ta je ta kara da Mater Dei ko St. John Bosco, makarantu masu zaman kansu da suke tara 'yan wasa daga faɗin yankin. Wadda take biye da ita da ɗan ƙaramin maki ta zama ta ɗaya a rukuni na biyu, tana gida, tana hangen kofi. Wanda ya fi ƙoƙari ya samu hanya mafi tsauri. Ba na zargin wani koci da gangancin faɗuwa, amma tsarin da ya sa koci mai hankali ya zauna yana lissafin ko nasarar makon ƙarshe za ta cuce shi, tsari ne da ya buɗe ƙofar da bai kamata a buɗe ba. Ga kuma ƙarin matsala: uban yaro ba zai iya maimaita lissafin a takarda ba, sai dai ya yarda da abin da na'ura ta ce.

Jerin mako-mako

Da zarar zagaye ya fara, jaridu da shafukan wasanni sukan fitar da sabon jeri kowace Litinin. Al'adar ita ce wanda ya ci ya hau, wanda aka cire ya faɗo ko ya ɓace. A nan ake cakuɗa tambayoyi biyu. Ɗaya ita ce wa ya cancanta, ɗayar kuma wa zai ci in aka sake haɗuwa. Marubuci yakan rubuta take da sunan ta biyu, ya cika jerin da amsar ta farko.

Tarihin Mater Dei ta Santa Ana da St. John Bosco ta Bellflower ya isa shaida. Gasar yanki ɗaya suke bugawa, don haka sukan haɗu a Oktoba, su kuma sake haɗuwa a wasan ƙarshe na sashe. A 2018 Bosco ta ci na farko, Mater Dei ta ci na ƙarshe. A 2019 abin ya juya. A 2022 Mater Dei ta ci 17 da 7 a kaka, Bosco ta rama 24 da 22 a filin Rose Bowl. A 2023 Bosco ta lallasa Mater Dei 28 da nema, bayan makonni kaɗan Mater Dei ta ci 35 da 7. Yara ɗaya, kociyoyi ɗaya, ratar ta tashi daga maki 28 a wannan gefe zuwa maki 28 a wancan. Duk wanda ya ɗauki wasa ɗaya a matsayin hukuncin ƙarshe a kan waɗannan biyun, shekaru huɗun nan sun ƙaryata shi. Akwai ma dalilin fasaha: wanda aka doke yana da faifan bidiyon kura-kuransa da kuma dalilin canza dabara, wanda ya ci kuwa yakan dawo da abin da ya yi masa aiki.

Jerin ƙasa baki ɗaya, irin wanda jaridar USA Today ta fara a 1982, shi ya fi kowane rauni, don zaren da ya haɗa jihohi siriri ne ƙwarai. De La Salle ta garin Concord na Kalifoniya, a ƙarƙashin koci Bob Ladouceur, ta ci wasanni 151 a jere daga 1992 zuwa 2004, amma shekaru da dama mutanen kudancin jihar suna cewa ba ta haɗu da maza ba. Sai da ta fara zuwa kudu tana karawa, har ta doke Long Beach Poly 29 da 15 a 2001, musun ya lafa. Wanda ya katse mata nasarorin kuma daga wata jiha ya fito: Bellevue ta Washington, 39 da 20. Wasa a fili ne ya raba gardamar sau biyun nan, ba ƙuri'ar 'yan jarida ba.

Abin da nake ba da shawara ga duk hukumar wasannin makarantu shi ne ta raba jerin gida biyu, kada ta bari su haɗu. Jerin da zai yanke wa zai shiga da wa zai buga a gida, a gina shi a kan dokar da aka sanar kafin kaka, wadda kowa zai iya lissafawa, wadda kuma nasara ba ta taɓa rage wa ƙungiya matsayi a cikinta. In za a saka tazarar maki, a yi mata rufi, misali duk abin da ya haura maki 21 a ƙidaya shi 21, domin koci ya samu damar fitar da manyan 'yan wasansa ya shigo da ƙanana ba tare da asara ba. A kuma ba wanda ya faɗi a hannun babbar ƙungiya ɗan rabo kaɗan, wanda bai kai na nasara mafi ƙanƙanta ba, don a rage gudun manya da lissafin Harbin yake haifarwa. A rufe wannan jerin ranar da aka gama kaka. Jerin hasashe kuwa, na 'yan jarida ne da masu kwamfuta: su saka tazara, su saka raunukan 'yan wasa, su bar ƙungiyar da aka cire a matsayi na biyu in lissafinsu ya nuna haka, amma kada a ba shi ikon aika motar ko da makaranta ɗaya zuwa wani gari.